Gareji ko Aji: A Ina Ake Ƙera Injiniya?

A Tudun Wadan Kaduna, tsohuwar kasuwar Panteka da babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna maƙwabtan juna ne. A ɓangare guda malami na tsaye gaban allo yana koyar da lissafin ƙarfin ƙarfe, a ɗaya ɓangaren kuwa ana yanka ƙarfen, ana lanƙwasa shi, ana bin sa da walda har ya zama ƙofa, ko tankin ruwa, ko injin casar masara. Shekara da shekaru gidajen nan biyu suna yaye matasa, kowanne kuma yana yi wa ɗan'uwansa kallon raini. Ɗan kwaleji ya ce na Panteka kwaikwayo kawai suka iya. Na Panteka su ce ɗan kwaleji ko sifana bai iya riƙewa ba.

Gardamar ba a Kaduna ta tsaya ba. Tana nan a duk gidan da yaro ya tashi da son injuna, yana kwance rediyo yana mayarwa, har ya gama sakandare. Uba zai zauna ya yi lissafi. Digirin injiniya shekara biyar ne, in yajin aiki bai gitta ba, ga shi na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Bayan nan bautar ƙasa, bayan nan yawon neman aiki. Ko kuwa a kai shi Ƙofar Ruwa a Kano, ko wani gareji a Zariya ko Maraɗi, wajen ogan da aka yarda da amanarsa, ya koyi aikin da hannunsa? Mutanen kirki masu son yaron sun rabu biyu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da maganar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Mu fara da garejin, domin hujjar masu goyon bayansa a cikin aikin yini take. Ranar farko uba ne ko kawu yake kawo yaro. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ga amana nan na kawo maka. Ɗanka ne, in ya kauce ka gyara shi." Ogan ya dubi yaron ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa. Kai, gobe ka riga ni zuwa." Sau da yawa iyakar yarjejeniyar ke nan, sai fa goro da ɗan abin da aka saba bayarwa na shiga.

Watannin farko yaro ba ya taɓa inji. Shara ce, da ɗebo ruwa, da fito da akwatin kayan aiki da safe a mayar da yamma, da wanke notuna cikin fetur a gwangwani, da aike wajen masu sayar da kayan gyara. Mai wucewa zai ɗauka wahala ce kawai ake ba shi. Amma yaron da aka yi ta aike sayen filogi, ana mayar da shi in ya kawo jabu, shi ne zai fara gane na asali daga nauyinsa a hannu da rubutun jikinsa. Wanda ogansa ke kwance ƙarƙashin mota yana ƙwala masa kira, "Miƙo sha biyu! A'a, sha huɗu na ce!", ba ya daɗewa sai ya zama ido kawai zai ɗora wa noti ya san sifanar da za ta kama shi. Daga nan a bar shi ya kwance taya, ya juye baƙin mai, ya gyara birki. Sauke inji kuwa sai ya yi shekaru.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan hanya shi ne yadda ake horar da kunne. Za a kawo mota tana wata 'yar ƙara, mai ita ya rasa daga ina take fitowa. Oga ba zai kwance komai ba tukuna. Zai ce a tayar, ya ɗauki doguwar sukundireba ya dafa bakinta a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, ya matsa gaba kaɗan ya sake dafawa. Sai ya miƙa wa babban yaronsa. "Saurara nan. Me ka ji?" Yaron ya ce daga sama take. "Ka tabbata? Kai, taka totur." Aka taka, ƙarar ta yi nauyi, ta bi gudun injin. Yaron ya ɗago ya ce, "Oga, ta ƙasa ce." Ƙarar sama siririya ce, ƙyas-ƙyas, kuma sau da yawa ɗan saiti ne maganinta. Ta ƙasa mai nauyi ce, tana iya nufin sai an sauke injin baki ɗaya. Tsakanin biyun nan akwai kuɗin da zai iya kai albashin mai motar na wata da watanni. Babu littafin da zai zuba wa mutum wannan a kunne. Sai an ji, an yi kuskure, an gyara masa, an sake ji.

Masu goyon bayan koyo a hannun oga suna cewa a nan ne bambancin yake. Tambayar jarrabawa an shirya ta ne da amsa ɗaya, an cire mata tsatsa da laka. Injin da aka kawo gareji kuwa ya bi ta hannun kanikawa uku kafin ya iso, an sa masa kayan wata motar, wani noti ya cije, mai shi kuma bai faɗi gaskiyar abin da ya faru ba. Sannan kuskure a nan yana da farashi. Ɗalibin da ya faɗi tambaya maki ya rasa. Yaron da ya manta bai ɗaure notin baƙin mai ba, motar za ta dawo a ɗaure da igiya, mai ita yana huci, kuma har abada ba zai sake mantawa ba.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a manhaja ba: yadda ake magana da mai kaya, yadda ake yanke kuɗin aiki ba a cuci kai ba ba a kori ciniki ba, wane dillali ne ke ba da kaya bashi, wane ne ke haɗa tsoho cikin sabo. Yaro yana tsince wannan duka yana tsaye a gefe. Kuma yana samun na abinci kullum, in ya ƙware ana bar masa ƙananan ayyuka ya riƙe kuɗinsu. A shekarun da sa'ansa ke jiran sakamakon jarrabawar shiga jami'a karo na biyu, shi ya fara kai cefane gida. A gidan da ake da 'ya'ya tara kuma uba ya manyanta, wannan hujja ta fi kowace nauyi, kuma bai kamata wanda bai taɓa rasa kuɗin makaranta ba ya raina ta.

Ƙofar ma a buɗe take. Ba a tambayar yaro sakamakon Turanci da lissafi. Almajirin da ya sauke karatunsa, da wanda ya bar makaranta a aji uku, da wanda ya zo ci-rani, duk suna shiga. Daga cikinsu ne ake samun masu ƙera injin niƙa da na casa da manomi zai iya saya, in ya lalace kuma a gyara shi a kasuwar ƙauye ba sai an jira kaya daga Sin ba. Duk wanda ya zagaya Panteka ya ga tukwanen da ake zubawa daga tsohon alminiyam, da murhu, da injuna iri-iri, ya san cewa ana tunani a wurin, ba buga guduma kaɗai ake yi ba.

To, masu cewa sai makaranta fa? Maganarsu ta farko ita ce gyara daban, ƙira daban. Bakanike yana mayar da abu yadda wani ya tsara shi. Injiniya shi ne ke tsarawa, kuma shi ake tambaya in abin da bai taɓa faruwa ba ya taso. Suna ba da misali da ƙafafun tankin ruwa, irin wanda ake kafawa a gidaje da masallatai. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 5,000 tan biyar ne a rataye a sama, ban da iskar damina da ke tura shi. Mai walda yakan zaɓi kaurin ƙarfen da ya ga ogansa na amfani da shi, kuma yana tsayawa lafiya. Ran da mai gida ya ce a ninka tsawon don ruwa ya hau bene, ido zai ce a ɗan ƙara kauri ya isa. Lissafin da aka sani tun ƙarni na 18 kuwa ya nuna cewa siririn ginshiƙi in aka ninka tsawonsa ba a ɗaure shi a tsakiya ba, nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda bai san wannan ba, sai tankin ya faɗo zai sani, kuma ƙila akwai yara suna wasa a ƙasa.

Haka abin yake a aikin sola da ya cika gari yanzu. Kayan da ke jan wat 1,200, in batirin na bolt 12 ne, wutar da ke bi ta wayar ta kai amfiya 100. In na bolt 48 ne, wajen 25 ce. Yaron da ya koyi haɗawa da ido zai sa waya iri ɗaya a duka biyun, kuma fitila za ta kama a duka biyun, mai gida ya biya ya yi godiya. Zafin wayar a cikin silin sai daga baya.

Sai kuma kuskuren da ake gada. Wannan ita ce hujjar da na fi jin nauyinta. Da wuya a sami mai mota 'yar Kwatano a ƙasar nan da ba a taɓa ba shi shawarar ya cire tamostat ba, wai na ƙasashen sanyi ne, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Oga ya gaya wa yaronsa, shi ma haka nasa ogan ya gaya masa. Alhali an ƙera injin ne ya yi aiki a wani ma'aunin zafi. In ya kasa kai wa wannan zafin, kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa mai, shan mai ya ƙaru, inji ya riƙa ci da wuri. Ba mugunta ba ce, kuma ba rashin basira ba ne. Hanyar da ta dogara da "haka na ga ana yi" tana isar da daidai da kuskure da aminci iri ɗaya, ba ta da inda za ta tace.

Injunan kuma sun canza. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da ramin da ake jona na'urar bincike, kuma irin waɗannan motoci ne suka cika titunanmu. Na'urar za ta nuna lamba, lambar tana buƙatar mai karanta Turanci da zanen wayoyi. Da yawa daga cikin motocin da ke haɗa fetur da lantarki suna ɗauke da batir mai bolt 200 ko fiye, wanda ke iya kashe mai taɓa shi da gangancin da aka saba yi wa batirin bolt 12. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane sun koma mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas, wadda ake matsawa a tukunya da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 80. A 2024 a birnin Benin wata tukunyar da aka haɗa da walda ta fashe a wajen shan gas, ta raunata mutane. Kunnen oga, duk kaifinsa, ba ya jin wannan.

Maganarsu ta biyu a kan yaron kansa ce. Tun da ba a rubuta komai ba, ba wanda ya san ranar yaye. Akwai ogan da ke tsoron Allah, yana koyarwa da zuciya ɗaya, yana aurar da yaransa, yana buɗe musu wuri. Akwai kuma mai rowar sani, wanda in aiki ya kai inda asirin yake sai ya aiki yaro sayen ruwa, don kada ya iya ya tafi. Yaro ya yi shekara bakwai yana aikin ƙwararre ana ba shi kuɗin abinci. Akwai duka. Akwai yaran da ba su kai shekarun barin firamare ba. Ga walda da baƙin tabarau na kasuwa ko ma da tafin hannu, dare ya yi ido ya riƙa zuba kamar an watsa yashi. Ga zuƙo fetur da baki, ga kwanciya ƙarƙashin motar da jak ɗaya da dutse ke riƙe da ita. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a kan wannan tun tuni: yarjejeniyar koyon sana'a sai a rubuce, sai jami'in ƙwadago ya shaida ta, ba ta wuce shekara biyar, yaron da ke tsakanin shekara 12 da 16 kuma sai da hannun iyayensa. A je gareji goma a tambaya, da wuya a sami wanda ya taɓa jin labarinta. 'Yan kasuwar Ibo da ke Sabon Garin Kano sun fi mu tsari a nan, domin a wajensu an san adadin shekarun tun farko, an kuma san maigida zai sallami yaronsa da jari. A namu ɓangaren sau da yawa yaye addu'a ce da 'yan sifanu.

Ta uku ita ce takarda. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya, tana rajistar mutane a rukuni huɗu, daga cikakken injiniya har zuwa mai sana'ar hannu, kuma kowane rukuni da shaidar da ake nema. Wanda ya yi shekara ashirin yana walda ba shi da ko guda, a idon mai ba da kwangila lebura ne. Babban aiki irin bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, ba ya ɗaukar mai walda don an ce ya iya. Sai an gwada shi bisa ƙa'ida, kuma ana haska waldar da na'ura a ga cikinta. Aikin ya ratsa ta ƙofar gidanmu, amma mai waldar da ba shi da shaida daga nesa zai kalle shi.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai na gareji suna da amsa, kuma amsar tana da zafi: wace makarantar ake nufi? In wadda ke cikin takardun gwamnati ce, mun yarda. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu don babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da zai tayar da su. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 yake da hedkwata a Jos, ya ƙirƙiro shirin SIWES na tura ɗalibai wuraren aiki ne tun 1973 saboda masu masana'antu na kukan cewa waɗanda suka gama karatu ba su iya aiki ba. Fiye da shekara hamsin ke nan, kukan bai canza ba. Ɗalibin injiniya yana da wata shida a shekararsa ta huɗu da zai je ya ga aiki. Wanda ya dace da kamfanin kirki yana dawowa wani mutum daban. Da yawa kuwa wurin da za a sa musu hannu a littafi kawai suke samu, domin masana'antun da za su karɓe su sun yi ƙaranci. Masaƙun Kakuri a Kaduna da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata sun rufe, na Sharaɗa da Bompai a Kano da yawa sun zama ɗakunan ajiya. Sakamakon shi ne saurayi mai kwalin injiniyan lantarki wanda in fankar ɗakinsa ta tsaya sai ya kira yaron unguwa. Lissafin ginshiƙin da ake taƙama da shi, ya haddace shi ya ci jarrabawa, amma bai taɓa ganin ƙarfe yana lanƙwashewa ba, don haka ba zai tuna da shi ba ranar da ake buƙata.

Akwai mutum ɗaya da duka ɓangarorin biyu ke iya cewa nasu ne, wato Soichiro Honda, wanda sunansa ke jikin motoci da babura da janaretocin da ke gabanmu. Ɗan maƙeri ne. A 1922, yana ɗan shekara 15, ya bar garinsu ya tafi Tokiyo ya shiga wani gareji a matsayin yaro, kuma watanninsa na farko rainon ɗan maigida aka sa shi. Ya yi shekara shida, ya koma Hamamatsu ya buɗe nasa reshen, ya yi suna. Na gareji a nan suke son a tsaya da labarin. Amma da ya tashi ƙera ringin fistin da kansa, sai abin ya gagara. Samfurin da ya kai wa Toyota kusan duka aka ƙi karɓa. Hannunsa ya iya, abin da bai sani ba shi ne sinadaran da ke cikin ƙarfen zubi. Sai ya koma makarantar fasaha ta Hamamatsu, yana magidanci mai kamfani, ya zauna cikin ɗalibai ya koyi ilimin ƙarfe, ya kuma zagaya masana'antu yana kallon yadda ake yi. Bayan nan ringinsa ya karɓu, a 1948 ya kafa kamfanin Honda. Na makaranta su ma ba su cika son ƙarshen labarin ba, domin bai damu da takardar shaidar ba, abin da ya kai shi kawai ya ɗauka. Ya shiga aji ne da tambaya a hannunsa, tambayar da gareji ya ba shi.

Jamus ta mayar da irin wannan tafiya tsari na ƙasa. A ƙarƙashin dokar koyon sana'a ta 1969, matashi yana sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, sauran a makarantar sana'a inda ake koya masa lissafi da dalilin abin da hannunsa ke yi. Sana'o'in da aka amince da su sun haura 300. Na injuna da lantarki sukan ɗauki shekara uku da rabi. Ana biyansa kowane wata, tun 2020 ma doka ta sa mafi ƙarancin abin da za a ba shi. Jarrabawar ƙarshe ba ogansa ke yi masa ba, majalisar 'yan kasuwa da masana'antu ce ko ta masu sana'ar hannu, don haka shaidar tana aiki a ko'ina cikin ƙasar. Wanda ya so yana iya ci gaba ya zama babban gwani mai izinin koyar da wasu, ko ya wuce jami'a. Mutanenmu suna yawan ambaton wannan tsari a taruka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yana tsaye ne a kan dubban kamfanoni masu rai, waɗanda ke biyan kuɗin horon don suna sa ran riƙe yaron bayan ya gama. Mu abin da muke da shi da yawa shi ne oga mai rumfar kwano da yara takwas. In za a gina wani abu a nan, a kan wannan ogan za a gina shi.

Ni dai in uba ya tambaye ni, ba zan ce ya hana yaron da ya sami gurbin karatun injiniya tafiya ba. Abin da ake koya a can yana da wuyar samu daga baya, kuma ƙasar da ba ta da masu lissafin gada da madatsar ruwa za ta yi ta hayar na wasu. Amma zan ce duk hutu, duk yajin aiki, ya sa tsofaffin kaya ya tafi gareji, ya karɓi aike kamar kowa, ya ce "Oga" da bakinsa ga mutumin da bai yi firamare ba. Wanda kuma hali ya sa aka kai shi gareji tun farko, kada a ɗauka an yi asararsa. Sai dai kada a yarda ya girma bai iya karatu da lissafi ba, ko da ajin dare ne, kuma a tura shi ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki uku, ko ta hukumar NABTEB. Na fi karkata ga cewa hannu ya fara, domin na ga tambayar da ta fito daga aiki ta fi riƙe amsa. Amma ban yarda da masu cewa hannu kaɗai ya wadatar ba, kuma ina ganin masu faɗar haka ba su ne ke kwana da ciwon ido ba.

Wannan shawara ce ga gida ɗaya, ba ta gyara tsarin. An dai fara wani abu. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabantar kwalejin Kaduna, kafin ya koma hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a 2021, an ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka don a gwada ƙwarewarsu a ba su shaida a ƙarƙashin tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa. Kyan wannan tsari shi ne mai gwaji yana kallon mutum yana aiki, ba tambayar takarda kaɗai ake yi masa ba, kuma shekarun da ya yi a rumfa ana lissafa su. Ina murna da shi. Tsorona ɗaya ne: shaida tana tabbatar da abin da mutum ya riga ya iya, ba ta ƙara masa abin da bai sani ba. In aka raba takardu ba a buɗe aji ba, mai cire tamostat zai ci gaba da cirewa, yanzu da hatimi a bango.

Ajin kuma yana cin lokaci, lokacin kuwa na oga ne. Duk ranar da babban yaronsa ya tafi makaranta, aikin ranar ya ragu, kuma yaron da ya san dalilin abu ya fi saurin buɗe nasa wurin a tsallaken titi. Ogan da aka ce ya rubuta wa'adin yaye, ya sayi gilashin walda da safar hannu, ya saki yaro kwana biyu a mako, zai yi tambayar da ta dace: "To ni wa zai biya ni?" Kuɗin ba a rasa inda za su fito ba. Doka ta wajabta wa kamfanonin da suka kai wani girma su ba ITF kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a shekara don horar da ma'aikata. A ware wani kaso daga ciki a biya oga a kan kowane yaron da ya ci jarrabawar da wani ya shirya, ba a kan sunayen da ya rubuta a rajista ba. Ƙungiyoyin kanikawa irin su NATA da shugabannin kasuwanni sun san kowane oga da halinsa, su ne za su iya shaida yarjejeniya su kuma sasanta in an saɓa. Kwalejojin fasaha kuwa ajujuwansu da yawa a rufe suke daga la'asar, daidai lokacin da aikin gareji ke fara sauƙi.